Kuskuren Matuƙi da Waɗanda Ba Sa Cikin Jirgin

A Amurka, duk lokacin da jirgin sama ya faɗi, hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar, wato NTSB, takan rufe rahotonta da 'yan layuka masu bayyana abin da ake kyautata zaton shi ne sanadi. A haɗurran ƙananan jiragen da ke feshin magani a gonaki, akwai maganar da ke yawan maimaituwa a waɗannan layuka: matuƙin bai riƙe gudun da ya kamata ba lokacin da yake juyowa, fiffiken ya gaza, jirgin ya faɗo daga tsawon da bai isa a gyara komai ba. Injin lafiyarsa ƙalau, mai bai ƙare ba, sama kuma garau take. Mutum ɗaya ne a ciki, kuma sau da yawa ba ya raye balle a tambaye shi.

Daga nan sai maganar ta fita daga rahoto ta shiga bakin jama'a, ta taƙaice zuwa kalmomi biyu: kuskuren matuƙi. Ba ƙarya aka yi ba. Hannunsa ne a kan sandar tuƙi, ba hannun kowa ba. Amma akwai gaskiyar da in aka faɗe ta ita kaɗai aka ja baki aka yi shiru, sai ta yi aikin da ƙarya take yi, domin mai sauraro zai ɗauka zance ya ƙare. Idan mutum ya yi kuskure, kuskuren ya ci ransa, shin an gama raba alhaki ke nan, ko kuwa akwai rabon waɗanda ba sa cikin jirgin?

Sana'ar ta haura shekara ɗari. A watan Agustan 1921 wani hafsan sojan Amurka, John Macready, ya tuƙa jirgi a kan wani lambun itatuwan katalfa kusa da garin Troy a jihar Ohayo, aka barbaɗa garin guba don kashe tsutsar da ke cinye ganyen. Bayan 'yan shekaru kamfanin Huff Daland ya mai da abin kasuwanci, yana yaƙi da ƙwaron da ya addabi gonakin auduga a kudancin ƙasar. Wannan kamfani ne daga baya ya rikiɗa ya zama Delta, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jiragen fasinja na duniya. A yau jirgi irin Air Tractor 802, wanda ake ƙerawa a garin Olney na jihar Teksas, yana ɗaukar galan 800 na ruwan magani, kimanin lita 3,000, nauyin da ya yi kusan daidai da na jirgin kansa in babu komai a cikinsa.

Ga yadda aikin yake. Matuƙi zai sauko har ya rage kamar mita uku tsakaninsa da kan shuka, yana gudun da ya wuce kilomita 200 a awa. In ya kai ƙarshen gona sai ya rufe feshi, ya ja jirgin sama don ya tsallake bishiyoyi da wayoyin lantarki, ya karkata, ya zagayo, ya sake saukowa a kan layi na gaba. Haka zai yi ta yi, sau ɗaruruwa a yini. Karo da waya ko hasumiya yana cikin abin da ya fi kashe masu wannan aiki. Amma juyin nan na ƙarshen gona yana da nasa haɗari na daban, kuma shi ne ya fi fito da tambayarmu fili, don a nan babu abin da jirgin ya buga. Shi da iska ne kawai.

Fiffiken jirgi ba ya ɗaukar nauyi sai iska tana bi ta samansa a manne. Wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota mai gudu ya san abin. Ka ɗan ɗaga gaban tafin, iska ta ɗaga hannun. Ka ƙara, ta ƙara. Amma in ka wuce wani mizani sai ɗagawar ta ɓace, iskar ta koma tura hannun baya kawai. Haka fiffike yake. Idan kusurwar da yake tarar iska da ita ta wuce digiri 15 zuwa 18 ko kusa da haka, iskar takan ɓalle daga samansa ta hargitse, ƙarfin da ke riƙe da jirgin ya ragu farat ɗaya. Matuƙa suna kiran wannan sitol. Mu ce gazawar fiffike. Babu ruwanta da mutuwar inji.

Kuma ba sai jirgi yana tafiyar hawainiya take aukuwa ba. Idan ya karkata yana juyi, fiffiken na ɗaukar nauyin da ya fi na miƙaƙƙiyar tafiya. Karkata ta digiri 60, in ana son jirgin ya riƙe tsawonsa, tana ninka nauyin sau biyu, kuma gudun da fiffiken zai gaza a kansa yakan ƙaru da kusan kashi 41 cikin ɗari. Wato jirgin da ba zai gaza ba sai gudunsa ya sauko zuwa kilomita 120 a awa, a irin wannan juyi zai gaza a kusan 170. Ƙara masa tanki cike, ƙara masa zafin rana da ke sa iska ta yi sakayau. In kuma matuƙin ya danna matakin ƙafa don ya tilasta wa hancin jirgin saurin zagayowa, fiffike ɗaya zai riga ɗaya gazawa, jirgin ya kife ya fara wulwulawa. Fita daga wannan yana cin tsawon da mai feshi ba shi da shi.

Maganin gazawar fiffike ɗaya ne: a tura sanda gaba, a sunkuyar da hancin jirgi, iska ta sake mannewa. Matsalar ita ce mutumin da ya ga ƙasa tana nufo shi, duk jikinsa cewa yake ja baya, jan bayan kuwa shi ke ƙara dagula lamarin. Ba ƙananan matuƙa kaɗai wannan ke kamawa ba. A 2009 jirgin Air France mai lamba 447, daga Riyo zuwa Faris, ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228, ɗaya daga cikin matuƙansa yana jan sanda baya a mafi yawan mintocin da jirgin ya yi yana zubowa. Su suna da dubban mitoci a ƙarƙashinsu da fiye da minti uku. Mai feshi yana da 'yan daƙiƙoƙi.

Duk da haka, mai ɗora laifi a kan matuƙi yana da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Babu wani abu a cikin bayanin nan da yake sirri. Tun 1944 Wolfgang Langewiesche ya wallafa littafinsa Stick and Rudder, wanda ya gina shi a kan wannan kusurwa ta fiffike da iska, kuma har yau ana karanta shi. Ba a ba kowa lasisin tuƙi sai ya nuna ya gane alamun gazawar fiffike kuma ya iya farfaɗowa daga gare ta. Mai feshi ya sani, ya zaɓi sana'ar da kansa, ana biyansa a kanta, kuma dubban takwarorinsa suna yin juyin nan kullum suna komawa gida su ci abincin dare. In shi ya kasa, wa za a tuhuma in ba shi ba?

Tarihin kalmar kansa yana da abin cewa a nan. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin yaƙi na B-17 sun yi ta janye tayoyi bayan sun riga sun sauka, jirgi ya kwanta a kan cikinsa. Rahotanni suka yi ta cewa kuskuren matuƙi. A 1943 wani matashin masanin halayyar ɗan'adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba, sai ya tarar makunnin tayoyi da makunnin maɗaukan fiffike iri ɗaya ne sak, kuma suna dab da juna. Gajiyayyen mutum da ya dawo daga fagen daga yana miƙa hannu ya kama wanda ba shi ba. Aka liƙa ƙaramar taya ta roba a kan ɗaya, aka sa wata siffa daban a kan ɗayan, yadda yatsa zai bambance su ko ido bai duba ba. Matsalar ta kau. Bayan yaƙin, a 1947, Paul Fitts da Richard Jones suka tattara labarai 460 na irin waɗannan kurakurai, suka nuna yawancinsu suna da alaƙa da yadda aka tsara na'urorin.

Lura da cewa Chapanis bai ƙaryata rahotannin ba. Matuƙan nan da gaske sun kama makunnin da ba shi ba. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a tsaya a nan. Ya ɗauki kalmar kuskure a matsayin inda bincike zai soma, alhali waɗanda suka gabace shi sun ɗauke ta inda zai ƙare.

Kowane ɗan'adam yana kuskure, kuma a kowace sana'a. Tela yakan karkace ɗinki ya warware. Mai lissafi yakan ɓata lamba ya goge. Abin da ya bambanta sana'o'i shi ne faɗin tazarar da ke tsakanin kuskure da halaka. Tela yana da yini guda na gyara, matuƙin fasinja yana da mataimaki a gefensa da sararin samaniya a ƙarƙashinsa, mai feshi kuwa tazararsa 'yar siririya ce tun asali. Saboda haka tambayar da ta fi nauyi ita ce: wa ya ƙara rage wannan 'yar tazara, kuma wa ya ci ribar ragewar?

A duba kuɗi tukuna. Yawancin aikin feshi ana biyansa ne bisa yawan ekar da aka gama, kuma da yawa daga cikin matuƙan rabonsu yana bin abin da jirgin ya samo. Lokacin juyi lokaci ne da ba a feshi, wato mai yana ƙonewa kuɗi ba ya shigowa. A ƙaddara matuƙi yana juyi 300 a yini. In ya rage daƙiƙa biyar daga kowanne, ya samu minti 25, wanda ya isa a ƙara wata gona. Hanyar rage daƙiƙoƙin nan kuwa ita ce ƙara karkata da ƙara jan sanda, wato matsawa kusa da mizanin da fiffike ke gazawa. Babu maigidan da zai buɗe baki ya ce wa yaronsa ya je ya yi wasa da ransa. Ba ya ma bukatar faɗa. Tsarin biyan ya riga ya faɗa a madadinsa.

Sai lokaci. Tsutsa ba ta jiran kowa, kuma ba a feshi in iska ta yi ƙarfi don kada magani ya bi ta ya faɗa gonar maƙwabci. Saboda haka aikin shekara yakan cunkushe cikin 'yan makonni, matuƙi ya fara da asuba ya kai dare, kwana da kwanaki. Bayan haɗarin jirgin Colgan a 2009, Amurka ta tsaurara dokar hutun matuƙan fasinja, aka wajabta musu hutun awa goma kafin su kama aiki. Sashen doka da ke kula da jiragen feshi kuwa bai sa iyaka ga awannin aikin matuƙi ba. A 2014 hukumar NTSB ta fitar da rahoto na musamman bayan ta bi haɗurra 78 na jiragen noma da suka auku a 2013, kuma a cikin manyan giɓin da ta lissafa akwai rashin jagora kan gajiya, da rashin tsarin auna haɗari kafin tashi, da raunin kula da lafiyar jirage. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, nutsuwarsa takan ragu kamar ta wanda ya ɗan sha barasa. Ba wanda zai yarda a bar mashayi ya hau jirgi, amma mai bashin barci sai a kira shi jarumi.

Aristotal, a littafi na uku na aikinsa kan ɗa'a, ya kawo misalin masu jirgin ruwa da guguwa ta rutsa da su suka zubar da kayansu a teku don su tsira. Ya ce irin wannan aiki gauraye ne: da zaɓinsu suka yi, amma ba mai hankalin da zai zaɓe shi in ba don halin da aka shiga ba. Misalin ya dace har ta fuskar da bai yi tsammani ba, domin jirgin feshi yana da hannun da matuƙi zai ja ya zubar da duk maganin da ke tanki cikin 'yan daƙiƙoƙi in ya ga za a halaka. Amma akwai bambanci guda. Guguwar Aristotal daga Allah take. Guguwar da ke matsa wa mai feshi, wani sashenta mutane ne suka haɗa ta: wanda ya tsara biyan, wanda ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin jiragensa, manomin da ke buga waya yana cewa in ba yau ba zai koma wani kamfani, da majalisar da ta ga ba sai an yi doka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. Matsattsen juyin da ya kashe matuƙi ba ranar ya fara yinsa ba. Ya yi shi sau dubbai ya tsira, kuma mai yiwuwa saboda shi ake ce masa gwani, ake nuna wa sababbin shiga shi. Ranar da zafi ya ɗan fi, tanki ya ɗan fi cika, barci ya ɗan gaza, sai juyin da aka saba ya zama kuskure a takarda. A 1976 masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, suka tattauna abin da suka kira sa'a a cikin ɗa'a. Nagel ya kawo misalin direban da ya yi sakacin duba birki: in yaro bai shigo titi ba, ba wanda zai ce masa komai, in ya shigo kuwa ya zama mai kisa, alhali sakacin guda ne. Haka nan, in juyin nan laifi ne ranar da jirgin ya faɗi, to laifi ne a duk ranakun da aka tafa masa. Waɗanda suka gani suka yi shiru, suka ƙirga eka suka karɓi kuɗi, ba su da bakin cewa abin ya zo musu ba zato.

Mu ma masu karanta rahoto muna da namu makanta. Mun san ƙarshen labari kafin mu fara, don haka kowane mataki yakan yi mana kama da hanyar da ke miƙewa zuwa kabari. Baruch Fischhoff ya nuna a 1975 cewa da zarar mutum ya san yadda abu ya ƙare, sai ya ɗauka tun farko a bayyane yake. Mai bincike yana da watanni da kujera mai laushi. Matuƙin yana da rana a idonsa, waya a gabansa, da layin da yake neman komawa a kai. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kuma wanda ya riga mu gidan gaskiya ba ya iya nuna mana namu.

To amma a nan ma akwai rami. In aka bi wannan hanya ba tare da birki ba, sai a wayi gari babu mai laifi ko ɗaya: tsari ne, kasuwa ce, yanayi ne. Wannan zalunci ne ga matuƙan da suka ƙi. Akwai wanda yakan rage kaya in rana ta take, yana sane zai ƙara sawu. Akwai wanda yakan buɗa juyinsa ya bar daƙiƙoƙin su tafi. Akwai wanda yakan kashe inji ya ce yau ya isa, ko da maigida zai ɓata rai. In muka ce wanda ya faɗi ba shi da zaɓi, mun ce waɗannan ma ba su yi komai ba, sa'a ce kawai ta raka su. Mun kuma ƙwace wa mai koyo abin da zai cece shi, wato sanin cewa akwai abin da ke hannunsa.

Ni a ganina alhakin matuƙi yana nan daram, sai dai ba a inda aka saba nemansa ba. A daƙiƙa ukun ƙarshe, lokacin da fiffike ya riga ya saki, abin da ya rage jiki ne da firgici, kuma tuhumar mutum a kan wannan kamar tuhumarsa ce don ya ƙifta ido. Alhakinsa yana can baya, a lokacin da yake da sukunin tunani: da daddare da ya san barcinsa bai isa ba, da safe da ake cika tanki, da kuma a shekarun da ya bar juyinsa yana matsewa kaɗan-kaɗan har ya daina jin tsoronsa. Kuma a daidai waɗannan lokuta ne sauran mutanen ma suke da sukunin tunani. Alhaki ba tuwo ba ne da in hannaye suka yi yawa a kansa rabon kowa zai ragu. Matuƙi na iya ɗaukar nasa cikakke, maigida ma ya ɗauki nasa cikakke.

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance ganganci da kuskure, kuma hukuncin da suka tsayar a kisan kuskure yana da abin lura. Ba a cewa wanda ya yi ba shi ya yi ba. Akwai kaffara a wuyansa shi kaɗai. Amma diyya ba a ɗora masa ita shi ɗaya, danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗuwa su biya. Ba ina cewa wannan hukunci ya sauka a kan haɗarin jirgi ba, domin mas'alar daban ce. Abin da nake nunawa shi ne tunanin da ke ƙarƙashinsa: ana iya tabbatar wa mutum da kuskurensa ba tare da an mai da shi mugu ba, kuma ba tare da jama'ar da yake cikinta ta kakkaɓe riga ta tafi ba.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, kuma wannan magana tana da wurinta, wato gaban iyalan mamaci. Amma imani da ƙaddara bai taɓa hana manomi yin shinge ba. Kuskuren matuƙi da tsautsayi, in aka yi amfani da su don rufe bincike, aiki ɗaya suke yi: ɗaya ya miƙa lamarin ga mamaci, ɗaya ya miƙa shi ga gaibu, rayayyu su huta.

Shi ya sa dokokin binciken haɗarin jirgi na duniya, ƙarƙashin hukumar ICAO, suka tsayar cewa manufar bincike ita ce hana aukuwar wani, ba raba laifi ba. Shi ya sa kuma tun 1976 hukumar NASA take karɓar rahotannin sirri daga matuƙan Amurka da suka yi kuskure suka tsira, ana cire sunayensu kafin a yaɗa darasin. Dalilin ba tausayi kaɗai ba ne. Ga kowane jirgin da ya faɗi a juyi, akwai matuƙa da yawa da suka ji sanda ta yi laushi a hannunsu, fiffike ya fara rawa, suka tura gaba da ƙyar suka sha. Su ne suka san abin da mamaci ya tafi da shi. In duk wanda ya faɗi gaskiya zai rasa aikinsa ko mutuncinsa, za su yi gum, sai ƙasa ta sake koya wa wani darasin da za a iya koya masa a kan tabarma.

Akwai mutumin da ya nuna yadda ɗaukar wannan alhaki yake a aikace. Fred Weick injiniya ne da ya lura cewa jiragen da ake feshi da su bayan yaƙi tsofaffin jiragen koyon tuƙi ne da aka yi wa kwaskwarima, ba don wannan aiki aka yi su ba. A 1950, a kwalejin noma da ƙere-ƙere ta Teksas, ya fito da jirgin AG-1, wanda aka tsara shi musamman don noma. Ya ɗaga mazaunin matuƙi sama don ya ga gabansa, ya ƙarfafa ɗakin tuƙi, ya sa bel mai riƙe kafaɗu. Daga wannan aiki ne jirgin Piper Pawnee ya fito, inda tanki yake gaba matuƙi yana baya, don in an daki ƙasa kada nauyin kaya ya murƙushe mutum. Weick bai zauna jiran ranar da matuƙa za su daina kuskure ba. Ya ɗauka za su yi, ya tambayi kansa me ke hannunsa shi da ba ya cikin jirgin. Kusan duk jiragen feshi na yau a kan wannan tsari suke, kuma mutane da yawa sun fito da ƙafafunsu daga tarkacen da a da gawa za a ciro.

Lamarin bai yi mana nisa kamar yadda ake zato ba. Idan tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonakin shinkafa da gero a Kebbi ko Jigawa ko Yobe ko Borno, jirgi ake nema ya yi musu feshi, kuma galibi da magariba ake bin su a makwancinsu, lokacin da haske ke ƙarewa. A gonakin Jazira na Sudan, inda Hausawa da yawa suka zauna suka yi noma, an shafe shekaru ana feshin auduga ta sama. Manomin da tsuntsu ke cinye masa wahalar shekara yana da gaskiya in ya ce a yi sauri, mai sayen shinkafa ma yana da gaskiya in ya so ta da araha. Amma saurin da arahar akwai inda ake biyansu, kuma wani lokaci a ƙarshen gona ne, a kan fiffike ɗaya.

Saboda haka in an ce mana kuskuren matuƙi ne, mu karɓa, domin mai yiwuwa haka ne. Sannan mu tambaya awa nawa ya yi barci, lita nawa aka zuba masa a wannan zafi, yaya ake lissafin kuɗinsa, kuma wa ya taɓa ganin juyinsa ya kira shi gefe ya ce masa ya sassauta. In duk amsoshin suka fito da tsabta, to kuskuren nasa ne shi kaɗai, sai a yi masa addu'a a koya wa na baya. In ba su fito ba, sunansa ne kawai ya shiga rahoto, amma ba shi kaɗai ya yi juyin ba.